Gidan tace ruwa na unguwarmu a Bur Sudan: ruwan ba laifi, kawowar ce sai haƙuri

Masu shirin tahowa Bur Sudan da waɗanda suka riga suka iso suna ta neman inda za su riƙa sayen ruwan sha, ga abinda na gani game da gidan tahliya, wato gidan tace ruwa, dake bakin unguwarmu, wanda wani dattijo Bahaushe mutumin Kassala yake riƙe da shi shi da yaransa. Ba zan kama suna ba don ba talla nake musu ba kuma akwai inda zan caccake su. Ruwansu dai na sha ne, ban taɓa ganin ya ɓata wa yarana ciki ba, amma in kina jiran a kawo miki gida kan lokaci to ki nemi tabarma ki zauna.

Wanda bai zauna garin nan ba ba zai gane dalilin da mace zata zauna tana rubuta dogon bayani kan mai sayar da ruwa ba. Mu da muka taso tsakanin Sinnar da Madani ruwa ba abin lissafi bane, ga kogi ga magudanan gonakin Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, kakanninmu ma abinda ya zaunar da su kenan a Maiwurno da kewaye da suka baro gida bayan yaƙin Burmi na 1903, bakin kogi ne ana noma ana kamun kifi. Nan kuwa babu kogi, teku ne a gabanka cike fal da ruwan da baya shawuwa, duwatsu a bayanka, ruwan sama ɗan kaɗan ne yake zuwa da hunturu wata shekarar ma sai a hankali. Garin ya dogara ne da Khor Arba'at, wani kwari da ruwa ke bi in an yi ruwan sama, wajen kilomita 40 ta arewa, can aka yi madatsa da rijiyoyi ake turowa ta bututu, kuma tun kafin yaƙi ma baya isa. Sai ga yaƙi ya ɓarke 15 ga Afrilu 2023, gwamnati ta kwaso kayanta ta dawo nan, ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji suka biyo ta, mutanen Khartoum suka cika gari, mu kuma muka biyo baya da yaƙin ya shiga Madani a Disambar shekarar. Duk wannan taron kan ruwan da dama can bai wadaci masu gari ba. Famfon gidan da muke haya tunda muka shigo ban ga ya ɗiga ba, yara sun mayar da shi wajen rataye tawul.

To gidan Alhajin ruwa iri biyu suke sayarwa kuma dan Allah kar ki haɗa su. Akwai ruwan aiki, na rijiya ne mai gishiri-gishiri, da barmil wato ganga ake sayensa masu karo wato amalanke su kawo da jaki, shi ake wanki da wanka da wanke-wanke, sabulu baya kumfa sosai a ciki kuma in kika dage da wanke gashi da shi zakiga gashin ya bushe ƙayau. Sai ruwan sha wanda aka tace, shi kuma joz-joz ake sayarwa, jarka biyu masu lita 20. Alhajin baya hana kowa leƙa ɗakin injin, wannan ya burge ni, don wani wajen da na taɓa saye ko kusa da ƙofar ba a barin mutum. Tanka ce take kawo musu ruwan rijiya a juye a babban tanki, ya bi ta matatar yashi ya bi ta gawayi, sannan famfo mai ƙarfi ya matsa shi cikin wasu dogayen bututai farare masu fatar tacewa a ciki, ruwa ya wuce gishiri ya tsaya. Abinda ban sani ba sai da na gani shi ne ba duk ruwan da ya shiga yake fitowa na sha ba, kaso mai yawa fita yake ta wani tiyo daban da gishirin ya taru a cikinsa. Na tambaye shi me yasa ba zai ja daga teku kawai ba tunda gashi nan kyauta, sai yayi dariya yace 'yata wannan injin nawa ba zai iya da Bahar Maliya ba. Kuma da gaskiyarsa, gishirin tekun nan ya kai giram 40 a lita ɗaya, ya fi na yawancin tekuna da yake wajen 35, sai inji mai matsi sosai da wuta mai yawa.

Ƙanin maigidana yana da ɗan abin gwajin nan mai kama da biro da ake tsomawa a ruwa ya nuna yawan gishiri da ma'adinan da suka narke a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya tace ƙasa da miligiram 600 a lita ruwa yana da daɗin sha, in ya haura 1000 ya fara fita daga daɗi. Na Alhajin duk sanda muka gwada can ƙasa da 600 yake, na karo kuwa ya wuce dubun nesa ba kusa ba. Ɗanɗanonsa sakayau ne, wasu suna cewa baya kashe ƙishi, ni kam in ya kwana a randa ya ɗauki ƙamshin ƙasa ba ni da ƙorafi, shayi ma yana fita jawur da shi ba irin na ruwan rijiya da yake yin duhu-duhu da maiƙo a sama ba. Akwai lokacin da ruwan ya fara ɗan sauya baki, kafin mu yi magana shi da kansa ya rufe wajen yace fatar tacewar ta gaji sai an kawo sabuwa daga Jidda, mutane suka yi ta ƙunƙuni amma ni a wajena wannan alamar mai tsoron Allah ce, wani da sai ya cigaba da sayarwa haka nan.

Inda na fara samun matsala da su shi ne jarkoki. Ruwan da aka tace haka babu sinadarin kulorin a ciki, fatar ma bata jure shi shi yasa ake cire shi da gawayi tun kafin ya isa wajenta, kenan duk tsaftar da ruwan ya fito da ita in aka zuba shi a jarka mai datti an koma gidan jiya, babu abinda zai kashe ƙwayar cuta a ciki. Su kuma yaran da suke kaiwa gida-gida jarkokinsu yawo suke daga wannan gida zuwa wancan, ɗauraya ɗaya ake musu a cika, wata in kika haska tocilan ciki zakiga kore-kore a gindi, wata murfin ya ɓata an toshe da leda. A garin da aka yi fama da kwalara fa, a watan Agustan 2024 ma'aikatar lafiya ta sanar da ɓarkewarta a ƙasar nan. Na yi wa Alhajin magana yace in sha Allahu Hajiya za a gyara, an gyara na ɗan lokaci sannan aka koma ruwa. Ni yanzu jarkokina nake badawa na rubuta musu alama da fenti, ina wanke su da omo da ƙananan tsakuwa in jijjiga sosai, na yara kuma ina jefa ƙwayar kulorin ɗin da masu agaji suke rabawa in bar shi minti 30 kafin a sha.

Kawowa kuwa wlh nan ne haƙurina yake ƙarewa. Ki kira da safe a ce yanzu-yanzu raksha, wato keke napep, zata taso, azahar ta yi shiru, la'asar ta yi wayar yaron a kashe, kina kallon tukunya kina kallon yara. Kuma ba wai ruwan ne babu ba, na sha zuwa da ƙafata in tarar da motar wani otal ko ta ofishin wata ƙungiya ta ja baya har bakin tankin ana loda mata, su suna saye da yawa kuma suna biya gaba ɗaya, to waye zai tsaya ta joz biyun matar haya. Ban ce kasuwanci haramun bane amma tunda an karɓi kuɗin kawowa daban ai sai a cika alkawari. In wuta ta ɗauke kuma, wanda da zafi kusan kullum ne, sai an tada janareta, in babu gas shikenan injin ya kwanta. Watan Mayun 2025 da jirage marasa matuƙi suka yi ta kai hari garin nan suka ƙona ma'ajiyar mai, hayaƙi ya yi kwanaki a sama, ranakun nan kam ko da kuɗinki a hannu sai kin bi layi.

Farashi ba zan rubuta adadi ba don kafin ki karanta ya canza. Abinda zan ce shi ne hawa kawai ya sani. Babban tsallen da yayi shi ne bayan madatsar Arba'at ta fashe a ƙarshen Agustan 2024, ruwan sama mai ƙarfi aka yi a kan duwatsu ta kasa riƙewa, Majalisar Ɗinkin Duniya tace aƙalla mutum 30 sun rasu, ƙauyuka wajen 20 ruwa ya share, abin ya shafi mutum kusan 50,000, rijiyoyi da bututan da suke ba garin ruwa suka lalace. Ki duba ikon Allah, garin da yake kukan ƙishi ambaliya ce ta ƙara jefa shi cikin ƙishin. A wannan lokacin ban ga laifin Alhajin ba don shi ma masu tanka sun ninka masa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Laifinsa da na gani shi ne da abubuwa suka ɗan lafa masu tanka suka sassauta, shi bai sauko ko da fam ɗaya ba, da an yi magana sai yace gas da kayan gyara da dala ake sayensu. Mu gidanmu mutum bakwai ne, masu agaji suna cewa mafi ƙaranci a halin gudun hijira lita 15 ne ga mutum ɗaya a rana na sha da girki da tsafta, ki lissafa ya haura lita 100 kullum, wata ya zagayo sai kiga kuɗin ruwa yana neman kamo na haya.

Amma abinda yasa har yau ban canza waje ba ba ɗanɗano bane ba farashi bane, wani tsohon littafi ne mai baƙin bango da yake ajiye kan teburi a ƙofar. In ruwa yayi ƙaranci duk wanda ya zo a rubuta shi, a sa wa jarkarsa lamba da alli, kowa joz ɗaya tak har sai layi ya zagayo, ko ke wacece ko daga ina kika zo. Mai ganin wannan ƙaramin abu ne bai san gabashin Sudan ba. A Gadarif watan Mayun 2019 cacar baki ce kan kuɗin ruwa tsakanin wata mata 'yar Nuba da mai sayar da ruwa ɗan Beni Amir, kafin kace kwabo dangi sun shigo, an ƙona gidaje mutum bakwai sun mutu. Watan Agustan shekarar rikicin ƙabilun biyu ya tashi a nan Bur Sudan ɗin aka kashe gomman mutane har sai da aka sa dokar ta-ɓaci. Ba ruwan ne kaɗai ba, akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya da siyasa a ƙasa, amma a bakin jarka aka kunna ashanar. Shi yasa in na ji murya ta fara tashi a layi gabana yake faɗuwa.

Kuma tana tashi ɗin. Maganar da kike ji kullum ita ce 'yan Khartoum sun zo sun shanye mana ruwa sun tsadar mana da haya, kuma in za a faɗi gaskiya ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, sai dai ba da son ranmu muka zo ba. Wata rana wata 'yar gari ta ture jarkar wata baƙuwa tace mu da muka haifu a nan sai mu tsaya bayan 'yan gudun hijira, ita ma waccan ba kanwar lasa ba ta miƙe, maza har sun fara matsowa. Alhajin ya fito da littafinsa a hannu bai ɗaga murya ba, yace "ke 'yata lambarki nawa, ke ma 'yata taki nawa", ya duba yace to wannan ce gaba, wadda bata yarda ba ta ɗauki jarkarta ta nemi wani wajen. Wani matashi yace Baba ai ita 'yar unguwa ce, yace ni ma ba a nan aka yanke mini cibiya ba, ko in rufe in koma Kassala ne? Aka yi dariya magana ta mutu. Har matar ɗansa na gani da idona tana tsaye a layin nan da lambarta. Sai dai fa in faɗi gaskiya littafin nan kan talaka yake aiki, motar otal bata da lamba, ta ƙofar baya take shiga, wannan kam ya rage masa daraja a idona.

Abin mamaki su kansu masu cewa mun cika musu gari da yawansu ƙishi ne ya kawo iyayensu. Farin 1984 zuwa 1985 ya kashe wa ƙabilar Beja, makiyayan yankin nan, raƙuma da awaki ba adadi, suka sauko daga duwatsu suka kafa bukkokin tabarma da katako a gefen gari, unguwannin nan ne har yau babu bututu sai jaki. Wannan farin dai shi ya tura mutanen arewacin Darfur kudu, makiyaya suka tarar hanyoyin da suka saba bi an nome su, rijiyar da ake sha tare ta zama ta wane da wane. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 yace iyakar hamada ta matso kudu da kilomita 50 zuwa 200 tun daga shekarun 1930. Ni dai bana yarda da masu cewa fari ne ya yi yaƙin Darfur shikenan, wannan wanke masu laifi ne, fari baya raba bindiga baya ƙona ƙauye, mutane ne suka ga jama'a a matse suka yi amfani da matsin. Yanzu ma ai ga shi a fili, a Fashir an gwabza kan tafkin Golo a 2024 wanda UNICEF tace mutum 270,000 ne suka dogara da shi, a Khartoum kuma tashoshin ruwa sun tsaya mutane suka koma ɗiba daga kogi kai tsaye kwalara ta bi su. Mu Hausawa kuma ba sai an ba mu labari ba, abinda ya faru da 'yan uwanmu a jihar Blue Nile a 2022 kan ƙasa da sarauta ne, ɗaruruwa suka mutu, kuma wasu daga garuruwan da abin yafi muni a Wad al-Mahi na mutanen da aka tasa ne aka sake tsugunarwa da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawo aka gama a 2013. In aka tara mutane a matse kan abu kaɗan to ba a rasa mai zuga.

Da zafi garin nan dama can ragewa yake, in ya haura digiri 45 masu hali sai su hau Sinkat ko Arkawit inda akwai iska, haka suka saba tun da. Yanzu kuma wata irin tafiyar ake. Maƙwabciyata ta tattara ta koma Atbara tace gara ta zauna inda zata ga kogi da idonta, ba harbi ne ya kore ta daga nan ba kuɗin barmil ne. Wasu sun bi jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Yayata tana can Jidda tun da daɗewa, teku ɗaya muke kallo ita ta wancan gefen ni ta wannan, su ma ba kogi garesu ba amma manyan tashoshin tacewa irin ta Shu'aiba suna tura musu, in famfo ya yanke ta kira wayit, wato tankar ruwa, a kawo. Ko su ɗin ma da duk kuɗin man fetur sai da suka haƙura da noman alkama a 2016 saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ƙarewa. Mu nan tun kafin in yi aure nake jin za a jawo bututu daga Nilu ta wajen Atbara zuwa Bur Sudan, gwamnati ta zo ta tafi ana sa hannu ana ɗaukar hoto, har yau jaki ne yake kawo ruwa.

Ga mai son gwadawa, suna karɓar Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, kuma wannan ya taimaka sosai lokacin canjin kuɗi na ƙarshen 2024 da takardar kuɗi ta yi wuya, wanda suka saba da shi ma suna ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata, ana rubutawa a bayan littafin nan dai. Ki je da kanki ko ki tura yaro bayan sallar asuba, lokacin tankin a cike yake layin bai yi tsawo ba kuma motocin manya basu fito ba, ranar Juma'a basa buɗewa sai an sauko daga masallaci. Kar ki yarda ki biya kuɗin kawowa kafin ki ga jarka a ƙofarki. Ruwan aikinsu kuma ba sai kin saya a wajensu ba, duk mai karon da ya wuce iri ɗaya ne kuma wani lokacin ya fi araha, na shan ne dai nake tsaya musu. In kina da jariri ko tsoho mai ciwon ƙoda ko hawan jini to kar ma ki soma ba su na rijiyar nan ko da an tafasa, tafasawa bata cire gishiri ƙara shi ma take.

Kwanan nan na ga an jingine farantan sola a bangon wajen, Alhajin yace in aka haɗa su injin zai riƙa aiki da rana ba sai an jira wuta ko gas ba. Na ce to Baba in gas ya fita daga lissafi sai mu ga sauƙi a joz ko? Yace Hajiya bari dai a haɗa tukuna.